In Birki Ya Kama Ganga a Magamar Jibia

Gaisuwa ta musamman ga direbobin manyan motoci da yaran mota da kanikawa da ke saurarenmu daga Magamar Jibia, da na Ɗan Isa a tsallaken iyaka, har zuwa Maraɗi. Shirin namu na yau a kan wani abu ne da duk wanda ya daɗe a harkar mota ya taɓa gani da idonsa. Mota ta yi makonni a ajiye, an gama da takardu, kwastam sun ce a wuce. Direba ya tayar da inji, ya saki birkin hannu, ya sa giya, sai motar ta yi gurnani, ta ɗan yunƙura, ta koma ta zauna. Yaron mota ya zagaya baya ya durƙusa ya leƙa, ya ɗago ya ce, "Oga, ta baya ta dama ba ta juyawa." Kafin a ankara mutum goma sun taru, kowa da maganinsa. Wannan ya ce a ba ta wuta ta fizge, wancan ya ce a kawo babbar guduma, wani ya tafi kiran mai walda, wani kuma ya riga ya ɗauko galan ɗin baƙin mai. Abin da nake so in kafa hujja a kansa yau shi ne, juyawar taya daban, lafiyar birki daban. Yawancin dabarun gaggawa da ake yi a bakin titi suna sakin tayar ne ta hanyar kashe birkin, motar kuma ta hau hanyar Katsina da tan talatin a bayanta da ƙafar birki ɗaya a mace. Hausawa suna da suna ga irin wannan aiki, gyaran gangar Auzinawa, kuma ga shi a nan gangar ce da kanta ake magana a kai.

Me ya sa Jibia? Saboda wannan ciwo ciwon zama ne, kuma da wuya a sami inda manyan motoci suka sha zaman dole kamar wannan iyaka a 'yan shekarun nan. A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa. Da aka buɗe huɗu daga ciki a Disambar 2020, irin su Illela da Maigatari, ba a sa Jibia ba, sai a watan Afrilun 2022, bayan shekara biyu da wata takwas. An ɗan sarara, sai juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kifar da Mohamed Bazoum a Yamai, ECOWAS ta sa takunkumi, ƙofa ta sake rufuwa har zuwa Maris na 2024. Ko a lokacin da iyaka take a buɗe, jiran takarda da jiran lodi da jiran mai kaya ya biya kuɗi sukan ci kwanaki. Motocin da ke wannan jira kuwa mafi yawansu tsofaffi ne: roka mai bodin katako, Kanta, DAF da MAN da suka gama aikinsu a Turai kafin su zo su fara na biyu a nan. Kusan dukkansu birkin ganga ne a ƙafafun baya, irin wanda Louis Renault ya yi wa rajista a Faransa tun 1902, kuma har yau tsarinsa bai sauya sosai ba. Ganga ce ta zubin ƙarfe, wadda kanikawa ke ce wa diram, tana juyawa tare da taya. A cikinta akwai takalma biyu masu lanƙwasa, wato shu, kowanne an liƙa masa ko an kafe masa fatar gogayya, wato lainin. In an taka birki, shu ya buɗe ya matse cikin gangar. In an ɗaga ƙafa, sifirin ya janyo shi ya koma mazauninsa. Duk maganar da za mu yi yau a kan wannan komawar ce, da abin da ke hana ta.

Na san wani zai ce, tsatsa kuma a Jibia? Ai nan ba Legas ba ce, ƙasa ce ta rairayi da rana. Gaskiya ne na wata takwas a shekara. Amma daga Yuni zuwa Satumba ruwa yana sauka, kuma mutanen garin ba su manta ambaliyar Yulin 2018 ba, wadda ta ci rayuka fiye da 40 a dare ɗaya. A lura kuma cewa rufewar 2019 da ta 2023 duk a tsakiyar damina suka faɗo, lokacin da filin ajiye motoci ya zama taɓo. Cikin gangar birki ƙarfe ne tsirara, ba fenti, ba mai, gogayya ta wanke shi fes. Motar da ta ratsa kududdufi da yamma, aka ja mata birkin hannu ganga na jiƙe, to an matse danshi ne tsakanin lainin da ƙarfe aka rufe masa ƙofa. Cikin 'yan kwanaki tsatsa ta fito. Ita kuma tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga cikinsa cin wuri, kumbura take yi, ta cusa kanta cikin ƙananan ramukan lainin, ta ɗinke su biyun kamar an sa gam. Rani ma bai bar mota ba. Ƙurar hunturu tana shiga duk wata gaɓa mai giris, ta cakuɗe da shi ya zama kamar busasshen yumɓu, sandar da ya kamata ta juya ta koma sai ta tsaya inda aka bar ta.

Wannan ya kawo mu ga abu na farko da ke rusa hujjar masu guduma. Taya ta ƙi juyawa alama ɗaya ce, amma cututtukan da ke kawo ta aƙalla huɗu ne, kuma guda ɗaya tak guduma ke magani. Ko dai lainin ya manne da ganga, ko iska ba ta kai ga sakin birkin ba, ko wata gaɓa ta ƙame, kamar wayar birkin hannu ko sandar da ke buɗe shu ko silindar taya, ko kuma wani abu ya karye a ciki ya tokare. Wanda ya fara da duka bai san wanne yake duka ba. Don haka aikin farko na ido ne da kunne. Kafin ma wannan, a sa waigi. Ina nufin waigi na gaske, katako mai kauri, gaba da bayan tayoyin da ke lafiya, domin motar da ake ƙoƙarin sakin birkinta, in aka yi nasara, ba abin da ke riƙe da ita, yaron mota kuma yana kwance a ƙarƙashi. Dutsen da aka tsinto a gefen hanya yana nutsewa cikin rairayi ko ya fashe. In za a ɗaga taya, a shimfiɗa wa jak katako mai faɗi, a kuma tokare aksul da wani abu mai ƙarfi. Jak na ɗagawa ne, ba a ba shi amanar ran mutum.

Mu fara da motocin birkin iska, tunda su ne manya. Akwai abin da direbobi da yawa suka sani a aikace amma ba su tsaya sun yi tunaninsa ba: a irin waɗannan motoci, birkin ajiya ba iska ke kama shi ba, iska ce ke sakinsa. A bayan tukunyar birki ta ƙafar baya akwai wani ƙaton sifirin wanda kullum burinsa ya matse birki, iska ce ke danne shi ta hana. An yi haka ne da gangan, don in tiyo ya fashe a kan hanya mota ta tsaya da kanta. Ma'anar wannan ita ce, motar da ta yi wata biyu a Magama tankunanta babu komai, birkinta a kame yake ko da tsatsa ko babu. A tayar da inji a bar shi ya cika tanki, a zuba wa agogon iska ido. A motocin Turai allura takan tsaya wajen 8, birkin ajiya kuma ba ya gama saki sai ta wuce 5 zuwa 6. A irin su Mack, masu lissafin Amurka, cikar tana tsakanin 100 da 120, sakin kuma sama da 60. In allura ta ƙi hawa, matsalar yoyo ce, a bi tiyo da ruwan kumfa a ga inda yake tasowa. In iska ta cika, mutum ɗaya ya zauna a ciki yana ja yana sakin birkin hannu, ɗaya ya tsaya daga gefe yana kallon sandar da ke fitowa daga tukunya. In sandar ba ta motsi sam, ko dai iska ba ta isowa wannan tukunya ko robar cikinta ta yage. In tana so ta koma amma hannun ajasta, wato abin da ke daidaita tazarar shu da ganga, ya riƙe ta, sandar da ke buɗe shu, mai kai kamar harafin S, ita ce ta bushe a mazauninta, maganinta giris da girgizawa a hankali. In kuwa sanda ta koma daidai, komai na waje ya saki amma taya na nan daram, to yanzu ne aka sami mannewar tsatsa ta gaskiya.

A nan zan dakata in ja kunne, kuma ina roƙon kanikawa, iyayen gidanmu a wannan sana'a, su maimaita wa yaransu. Kada kowa ya kwance zoben da ya ɗaure bayan tukunyar birki don ya ga abin da ke ciki. Sifirin ɗin da ke ciki yana ɗauke da ƙarfin da ya kusa tan guda, in ya kuɓuce kamar harsashi yake fita, kuma ya kashe mutane a ƙasashe da dama. Masu ƙera ta sun tanadi hanyar danne shi lafiya. A wasu tukwanen akwai dogon noti a maƙale a gefe, ana zira shi ta ramin baya a murɗa ya kama, a ɗaure har sifirin ya naɗe. A na Turai da yawa notin yana nan a bayan tukunyar, warware shi ake yi. Amma duk wanda ya yi haka ya sani ya cire wa wannan ƙafa birkin ajiya da birkin ko-ta-kwana gaba ɗaya. Dabara ce ta jan mota zuwa gareji. Motar da ta tafi Maraɗi ta dawo da notin nan a ɗaure, ranar da tiyonta ya fashe ba abin da zai tsayar da ita sai abin da ta daka.

Ƙananan motoci masu man birki, irin su Kanta da a-kori-kura, nasu ya fi sauƙin ganewa. A saki birkin hannu a leƙa a ga ko wayar ta yi sako-sako daga gaba amma tana nan a miƙe daga baya. In haka ne ta ƙame a cikin rigarta, a cire ta daga inda ta haɗu da ƙafa. In ba waya ba ce, a ɗan sassauta ƙaramin notin fitar da iska da ke bayan silinda. In mai ya yi tsartuwa taya ta saki nan take, tiyon roba ne ya ruɓe daga ciki, yana barin mai ya shiga ya hana shi komawa, kuma sai an canza shi. Ita kuwa silindar da ta ƙame, yawanci laifin ruwa ne. Man birki yana shan danshi daga iska, shi ya sa masu ƙera motoci ke cewa a zubar da shi a sa sabo duk bayan shekara biyu. Ina kuma ga wanda man ya ƙare masa a hanya ya cika da ruwan sabulu, ya ce ai birkin na kamawa? Yana kamawa yau. Ya dai zuba wa silinda abincin tsatsa da hannunsa, kuma ruwa in ya yi zafi tafasa yake yi, feda ta tafi ƙasa ba komai.

To mu dawo kan mannewar tsatsa, inda guduma ke da hurumi. Ba na cikin masu cewa kada a taɓa ganga da guduma, wannan maganar wanda bai taɓa tsayawa a gareji ba ce. Tsatsa gautsi gare ta, girgiza take tsoro. Bayan an saki birki, an tabbatar komai na waje ya koma, a ɗauki guduma madaidaiciya, a ƙwanƙwasa gefen ganga mai kauri, a zagaya ta ko'ina, sama da ƙasa, inda shu biyun suka kwanta. A saurari amon. Gangar da shu ya manne mata takan ba da sauti a dushe, kamar an bugi buhun gero. Da zarar ya rabu za a ji wani ɗan ƙas daga ciki, sifirin ya janye shi ke nan, bugu na gaba kuma ganga ta yi ƙara wasai kamar ƙararrawa. Kunnen tsohon bakanike ya san wannan bambanci ko da bai taɓa ba shi suna ba. Abin da na ƙi shi ne ƙatuwar gudumar fasa dutse da ƙarfin ƙato. Zubin ƙarfe ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi, tsagar kuma takan yi siririya yadda ido ba zai gani ba sai ranar da ganga ta yi zafi da lodi a kai. Kada kuma a doki farantin baya, shi lotsewa yake yi ya karkatar da shu. In ƙwanƙwasa ba ta yi ba, a warware ajasta, a ba shu wurin komawa, a sake zagayawa.

Masu cewa a ba ta wuta ta fizge suna da hujjarsu: mun sha yi, kuma tana saki. Ban musa ba. Girgiza mota a hankali, a sa giyar baya a ɗan saki kuloci, a sa ta gaba a ɗan saki, sau uku ko huɗu, dabara ce mai kyau, kuma sau da yawa takan karya tsatsar kwana kaɗan. Amma a tsaya a nan. A yi tunanin abin da ke faruwa in aka taka totur har ƙasa. Akwatin haƙoran da ke tsakiyar aksul an yi shi ne ya tura juyi ga tayar da ta fi sauƙi, don haka a kan rairayin Magama tayar lafiya ce za ta yi ta tonon rami da ninkin gudu, mai ciwon tana zaune. In kuma ƙasa ta riƙe, duk ƙarfin injin ya taru a kan shaf da kuloci da ƙusoshin da suka kafe lainin. Wani abu dole ya ba da kai, kuma ba kullum tsatsar ce ke fara sarewa ba. Wani lokaci lainin ne ke ɓallewa daga jikin shu ya zauna manne da ganga. Taya ta juya, jama'a su yi shewa, direba ya ɗaga hannu ya wuce, alhali abin da ke cikin gangar yanzu ƙarfe ne tsirara da gutsattsarin lainin da ke yawo, waɗanda za su iya tokarewa su kulle tayar a tsakiyar gudu. Sau tara da dabarar ta yi aiki kowa ya gani a tasha. Na goman a daji yake bayyana, shi ya sa ba ya shiga lissafin masu cewa mun sha yi.

Wuta da mai kuwa ba ni da wani sassauci a kansu. Zafin walda yana karkatar da ganga, ya kashe ƙarfin sifirin, ya narkar da giris ɗin boris da robar da ke tare shi. Mafi muni, in taya na jikin ƙafar, zafi yakan bi ta ƙarfe ya fara dafa robar daga ciki, iska ta yi ta hauhawa ba a gani, taya ta tarwatse, wani lokaci bayan an kashe wutar an koma shan shayi. In kuma tanka ce ko motar da ke da jarkoki a ƙarƙashi, ba sai na ƙarasa ba. Shi kuma baƙin mai ko gas da ake tsiyayawa ta bayan ganga, lainin yana shanye shi kamar yadda tsumma ke shan ruwa, ba ya fita da wanki, ba ya fita da ƙonawa. Birki da gogayya yake aiki, wanda ya zuba masa mai ya sallame shi daga aiki. Man sassauta tsatsa yana da wurinsa, a kan noti da haƙoran ajasta da bakin waya, ɗigo kaɗan, nesa da lainin.

Hujjar da ta fi kowace nauyi ita ce ta lokaci, kuma ba zan raina ta ba. Direba zai ce, malam, kai kana cikin ɗaki mai sanyi kana magana. Ni ina da wake ko albasa a sama, mai kaya yana kira, ban san ko gobe za a sake rufe ƙofa ba, kuma kowa ya san halin da yankin nan yake ciki, ba mai son magariba ta same shi a hanya. Wannan tsoro ne ke haifar da aikin da ya fi duka haɗari, wato kashe ƙafa: a matse tiyon wannan taya ko a toshe shi, ko a warware ajasta har ƙarshe yadda shu ba zai ƙara taɓa ganga ba, a ce in an isa Katsina a gyara. Amsata daga cikin hujjar tasa take. Binciken da na zayyana, daga sa waigi zuwa ƙwanƙwasa, bai fi rabin sa'a ba. Shaf ɗin da ya karye ko kulocin da ya ƙone kwana biyu ne ko uku ana jiran kaya daga Kano, kuma a daidai wurin da ake gudun kwana. Sannan hanyar Jibia zuwa Katsina, duk da ba ta kai kilomita 50 ba, hanya ce ta tsaye-tsaye, ga shingayen bincike, ga babura, ga shanu na tsallakawa, ranar Lahadi kuma ga 'yan kasuwa. Motar da aka kashe wa ƙafa ɗaya tana ƙara nisan tsayawa, kuma tana fizga gefe guda duk lokacin da aka taka da ƙarfi, sauran ƙafafun su ɗauki aikin da ba nasu ba su yi zafi su gaji. Alkawarin in an isa a gyara kuma, mu faɗi gaskiya tsakaninmu, sau nawa ake cika shi in an ga mota na tafiya?

Saboda haka ra'ayina shi ne, birkin da ya yi wata ko fiye a kame, ko wanda sai da aka sha wuya ya saki, a buɗe gangarsa a duba. In ta ƙi fita bayan an warware ajasta, yawanci wani ɗan tudu ne da ya taso a bakinta saboda cin da shu ya yi wa ciki. Gangogi da yawa suna da ramuka biyu masu zare a fuska, a ɗaura noti a ciki bi da bi, za ta turo kanta waje. A kula kuma, wasu tsofaffin motoci notin tayarsu na hagu baibai yake kwancewa, an sha karya ƙusa a kan rashin sanin wannan. In an buɗe, kada a hure ƙurar da baki ko da iskar tanki. Tsohon lainin, da wasu masu araha da ake shigowa da su, suna iya ƙunsar asbesto, wanda Tarayyar Turai ta haramta tun 2005 saboda yana kawo sankarar huhu bayan shekaru masu yawa, kuma yaron da ke durƙushe kusa da ganga shi ke shaƙar mafi yawa. A goge da jiƙaƙƙen tsumma. A duba lainin ko ya tsage ko tsatsa ta ɗaga shi daga jikin shu, a duba sifirin ko ya saki jiki, a goge cikin ganga da samfefa. Mai mota zai ce ba kuɗi. To a kwatanta kuɗin lainin da na taya ɗaya da ta sha ja a ƙasa ta cinye gefe guda, a ga wanne ya fi. In kuwa za a canza, a canza dama da hagu tare, domin sabo a gefe ɗaya da tsoho a ɗayan shi ma fizga yake kawowa.

Akwai kuma abin da za a yi tun ranar da aka ga alamar zaman zai yi tsawo, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Kada a ajiye mota da jiƙaƙƙen birki; in an ratsa ruwa, a ɗan yi tafiya ana taɓa birki sama-sama har ganga ta yi ɗumi ta bushe. Mai man birki, in fili shimfiɗaɗɗe ne, ya sa giya, ya sa waigi gaba da baya, ya bar birkin hannu a sake. Za a ce wannan ganganci ne, yara na wasa a ƙarƙashin motoci, wani zai iya zare waigi ya yi girki da shi. Damuwa ce ta gaskiya, shi ya sa na ce giya da waigi tare, kuma a kan gangare kada a yi haka sam, gara tsatsa da mota mai tafiya ba direba. Mai birkin iska ba shi da wannan zaɓi, tunda iska na zurarewa sifirin zai kama ko ya so ko bai so ba. Nasa shi ne ya tayar da inji sau ɗaya a mako, ya cika tanki, ya matsa gaba taku biyar ya dawo, yadda shu zai sauya wurin kwanciya kafin tsatsa ta yi ƙarfi. Ya ja zoben da ke ƙarƙashin tankin iska ya zubar da ruwan da ya taru, ya bi gaɓoɓin ajasta da giris. Man da wannan zai ci bai kai na tafiyar kilomita biyu ba.

In taya ta saki kuma an mayar da ajasta daidai, saura gwaji, kuma a yi shi kafin a bar Magama. A tafi a hankali cikin fili a taka birki, a ji ko sitiyari ko bayan mota na ja gefe. A ja birkin hannu a ɗan gwada tashi a ga ko ya riƙe. Sannan a hau titi a yi kamar kilomita biyu ba tare da yawan taka birki ba, a sauka gefe, a zagaya. A kai bayan hannu kusa da kowace ganga, kusa kawai, ba a taɓawa. Su yi ɗumi iri ɗaya. Wadda ta fi 'yan'uwanta zafi ko take warin ƙauri, har yanzu shu yana goga, a koma a sassauta. Wadda kuma aka tarar da ita da sanyi ƙalau bayan an taka birki sau uku ko huɗu da kyau, sauran na ɗumi, ita ce ba ta aiki ko kaɗan, kuma a kanta za a sake kafa jak.